Mabuɗin Akwatin Koke Yana Hannun Helma

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, barkanku da aiki. Ni lebura ne a wani kamfanin jima a Challawa, kuma raina a ɓace yake.

Bara manaja ya kafa ƙaton allo a bakin ƙofa, da boko da ajami, wai kamfani ya haramta cin hanci, kuma kowane ma'aikaci yana da haƙƙin safar hannu. Har akwatin koke aka rataya.

Malam, wata shida ina tsoma hannu a ruwan jima, yatsuna duk sun tsattsage. Na tambayi helmanmu, wato shugaban leburori, safar, ya ce sai na kawo masa zabbi biyu daga ƙauye. Na ƙi, na rubuta ƙara na jefa a akwatin.

Washegari ya kira ni gaban jama'a, ya zaro takardata daga aljihu, yana karantawa yana dariya. Ashe shi ke buɗe akwatin! Yanzu ya mayar da ni yasar kwata.

Don Allah masu sauraro ku ba ni shawara: in kai zabbin, ko in sake kai ƙarar helma wurin helma?