Sunana a Bayan Rigar Mma Lariba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, iyayenmu mata na zumunta, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Sunana Asibi. Masu zama a layin baya sun san ni, don kullum kusa da ƙofa nake zama. Yau ne karo na farko da na tsaya a gabanku, sai ku yi haƙuri da ni.

Daga wani ƙauye kusa da Bawku na zo Kumasi. Na bar 'yata Teni a hannun tsohuwata, ko yaye ta ban gama yi da kyau ba. Na ce shekara ɗaya zan yi in koma. Da na iso sai na shiga kayayo a babbar kasuwa, ina ɗaukar wa mutane kaya a ka cikin babbar tasa. Doya, tumatir, albasa, har katan na kifi mai ƙanƙara, ruwansa na bin bayana. Tun safe ina cewa "ago, ago" a ba ni hanya, har rana ta faɗi.

Da wuyana ya fara ciwo, wata abokiyar aikina ta ba ni ƙwaya, ta ce tiramol ce, in na sha ba zan ji nauyin komai ba. Gaskiya ta faɗa. Ranar na ɗauki kayan mutum biyu ina dariya.

'Yan'uwa, daga guda ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina lissafi. Na daina aika wa tsohuwata komai. In ta kira sai in kashe wayar, don ba na son in ji muryar Teni. Shekara ɗayan nan ta zama huɗu. An yi mini baftisma tun ina yarinya, amma ko na bi ta ƙofar coci sai in kau da kai.

Wata safiya a Krofrom, kusa da inda motocin haya na trotro ke lodi, na yanke jiki na faɗi. Jikina ya kama karkarwa, bakina na kumfa. Daga baya aka gaya mini mutane sun yi da'ira suna kallo, kowa na tsoron kada yawuna ya taɓa shi. Sai wata mata ta ratso su da gudu, da wandon motsa jiki da takalmin kambas, gumi ya jiƙa ta sharkaf, furfura ta fito ta gefen ɗankwalinta. Ta durƙusa a bakin kwata, ta juya ni gefe, ta sa hannunta a ƙarƙashin kaina har abin ya lafa. Ita ta tare tasi ta kai ni asibiti.

Mma Lariba ke nan. Ga ta can a layi na uku tana sunkuyar da kai, don ba ta so in faɗa ba.

Ungozoma ce, ta haura shekara hamsin. Ta gaji da karɓar haihuwar 'yan kayayo waɗanda ko zanen da za a naɗe jariri ba su da shi, sai ta kama wani gida a Buokrom inda mata ke koyon ɗinki da kitso da yin sabulu. Tare suke riƙe gidan da ƙawarta Hajiya Fati ta Tafo, wadda iyayenta daga Nijar suka zo. Hajiya ce malamar ɗinki. In lokacin salla ya yi ta shimfiɗa dardumarta a tsakanin kekunan ɗinki, in mu muka tashi addu'a ta kashe mana rediyo.

Da aka sallame ni daga asibiti, can ta kai ni. Na tambayi matan gidan wa ke ɗaukar nauyin wannan duka, suka ce ƙafar Mma. Ban gane ba sai da suka yi mini bayani. A ƙasashen waje ana yin tseren gudu mai tsawon kilomita arba'in da biyu, dubban mutane a kan titi. Mma takan sa sunanta, ta gaya wa mutane nan gida da can cewa domin matan nan za ta yi, duk wanda abin ya taɓa zuciyarsa sai ya ba da abin da zai iya. Hutunta na shekara take ɗauka ta tafi, kuɗin jirgi ma daga aljihunta. Shi ya sa kowace asuba take bin titin Tafo da gudu, 'yan kamasho na tsokanarta suna cewa, "Maame, wa ke korar ki?" Sai ta ɗaga musu hannu ta wuce.

Ina so in ce muku daga ranar na shiryu, amma a gidan Allah nake tsaye. Sau biyu ina tserewa daga gidan ina komawa kasuwa. A na biyun har almakashin gidan da dutsen guga na ɗauka na sayar, na sayi ƙwaya. Kwana biyar ina ɓuya a bayan rumfunan masu doya, sai ga Hajiya Fati da mayafinta tana tsallake taɓo. Na ɗauka 'yan sanda ta kawo mini. Ta tsaya a kaina ta ce, "Tashi mu je. Yayata ta ƙi cin abinci saboda ke."

Da muka isa Mma ba ta yi maganar almakashi ba. Ta ba ni tsohon takalminta, ta ce gobe da asuba in bi ta. Ban kai ko kwanar masu sayar da koko ba na zube a gefen hanya ina haki, na ce mata ni dai ba zan iya ba, gudun ma da barin ƙwayar ma. Ta zauna kusa da ni a kan dakalin wani shago.

Ta ce, "'Yata, ni ma duk tseren da na je, in na kai kilomita talatin zuciyata cewa take in zauna. Ba na yi mata alkawarin ƙarshe. Cewa nake, Yesu, kai ni wancan turken wutar lantarki kawai. In na kai sai in sake roƙo."

Na riƙa bin ta, ina rage ƙwayar, amma ban bari ba. Kullum akwai 'yan kaɗan ƙulle a haɓar zanena, ba wanda ya sani.

Da lokacin tafiyarta ya matso, ta kawo farar rigar da za ta yi gudu da ita, ta ce kowace mace a gidan a rubuta sunanta a baya. Da aka zo kaina na ce a tsallake ni, sunan ɓarauniya ba zai hau jirgi ba. Ta karɓi alƙalamin ta rubuta da kanta, a sama, tsakanin kafaɗunta.

Ranar tseren Lahadi ce. Muna tashi daga sujada muka ruga Buokrom, muka taru a kan wayar Hajiya. Akwai wani ɗan ɗigo shuɗi da ke tafiya a kan taswira, aka ce Mma ce. Wata 'yar'uwa da ke zaune a ƙasar da ake tseren ta aiko saƙo cewa ruwa ake yi da sanyi mai shiga ƙashi. Muna kallo ɗigon ya wuce kilomita ashirin, ya wuce talatin. Can sai ya tsaya.

Muka ce ko waya ce. Aka kashe aka kunna, yana nan inda yake. Hajiya ta kira 'yar'uwar nan, ta ce ita ma ba ta san komai ba, a ƙarshen hanya take jira. Hajiya ta ɗauki carbinta.

Ni kuwa hannuna ya tafi haɓar zanena, don duk sa'ad da tsoro ya kama ni can yake zuwa. Na fita bayan gida wajen famfo, na kwance ƙullin. Ina kallon ƙwayoyin a tafin hannuna sai na tuna matar nan tana can wani titi da ba ta san kowa ba, cikin ruwa, da sunana a bayanta, ni kuma ina nan ina yaudarar ta. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na yi kuka irin wanda ban yi ba tun da na bar gida. Na ce, "Yesu, na gaji. Ban san abin da ya sami uwata ba, ka riƙe ta. Ni kuma ba ni da ƙarfin gobe, ka kai ni yamman nan kawai." Na tashi na zuba su duka a masai.

Ban ce addu'ata ce ta tashe ta ba, don da na koma ɗaki ɗigon bai motsa ba. Sai da muka ƙara jira sosai ya soma jan jiki a hankali kamar tururuwa. La'asar ta yi kafin ya kai ƙarshe. Ranar na ga Hajiya Fati ta yi guɗa, ɗankwalinta a ƙasa. Haleluya!

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini wuya. Amai, zazzaɓi, ƙasusuwana kamar ana sara. Hajiya ta kai ni asibiti wurin likita, ta riƙa dama mini kunu. Amma ko ƙwaya ɗaya ban ƙara sa wa a baki ba, har yau da nake gabanku. Ubangiji ne ya yi!

Mma ta dawo da sanda. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da na ɓoye. Ta ce ta sani tuntuni, jira take in faɗa da bakina. Sannan ta ba mu labari. Gwiwarta ce ta ƙi, ta zauna a gefen titi, masu agaji suka kawo mota za su ɗauke ta, har ta sa ƙafa ɗaya ciki. Sai wani tsohon bature da ya daɗe yana gudu a bayanta ya tsaya, ya ce tun da nisa yake karanta sunayen nan, su wane ne? Ta ce 'ya'yanta ne. Ya miƙo mata hannu, suka taka sauran hanyar tare, yana ta kiran sunayenmu yana karya su. Ko sunansa ba ta tambaya ba.

Abin da aka tara a tafiyar nan shi ya buɗe ɗaki na biyu a gidan. A nan nake koya wa sababbin zuwa yankan riga yanzu. Na je Bawku na roƙi gafarar tsohuwata, na ɗauko Teni, tana makaranta a Tafo.

Likita ya ce gwiwar Mma ta gama gudu. Ba ta yi gardama ba. Sai dai yanzu kowace asuba tana bayan babur tana bi na, tana ce mini in ɗaga kafaɗa. Makon jiya ta kai ni aka ɗauki hotona na fasfo. Ni Asibi, da ban taɓa ganin cikin jirgi ba, ni za a aika in yi tseren a madadinta. Ina jin tsoro ƙwarai, shi ya sa na zo in roƙi addu'arku, ni da gwiwar Mma.

Na gode wa Allah Uba da bai bar ni a bakin kwata ba. Na gode masa domin Mma Lariba da Hajiya Fati. In akwai wani a nan da ke ɓoye abin da ke cin sa, ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka jira sai ka ji ƙarfi. Ka gaya wa Yesu yau, ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka dogara gare shi zai riƙe ka. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.