Kwalin Da Aka Biya Wa Kujera

A tashar Tsafe, cikin motar Gusau da ke jiran cika, wani tsoho ya dubi mutumin da ya dafa ƙaton kwali a tsakaninsu.

"Malam, wanga kaya har kujera ka biya mashi?"

"Ba ya son jijjiga, Baba. Babbar kwamfuta ce ta bankinmu. Duk ƙananan da ke rassa, wurinta za su riƙa ajiye bayanai."

"Rumbu ke nan. Rassa nawa gare ku?"

"Biyu. Amma na zaɓo wadda za ta ɗauki goma sha biyu. Manaja ya ce in ta zauna wayam, a bakin aikina."

"To ina za ku samo sauran goman?"

"Jiha sabuwa ce, Baba. Ina rufe ido sai in gan su. Tsafe, Bungudu, Mada, Ruwan Bore..."

"Ruwan Bore? Mi banki zai nema a Ruwan Bore?"

"Can mahaifiyata take. In aka buɗe reshe, ai sai an tura mai kula da na'ura."

Tsohon ya sake duban kwalin.

"Ni ma shekarar da aka haifa mani namiji na huɗu, na gina rumbu mai cin dami ɗari uku. Na ce hannu takwas za su cika shi. Yanzu duk suna Legas."

"Ka rushe shi ke nan?"

"In rushe? Kowace shekara sai na yi mashi sabuwar jinka. Matso da shi nan, in riƙe maka gefe ɗaya. Hanyar akwai ramuka."