Hayaƙi a Gidan Sada

A kasuwar Batsari, gaban tukubar mai tsire, na ji wani dattijo yana tambayar wani ɗan dako.

"Samari, kai ne ka ɗauko wa Baturen nan kaya daga Ruma?"

"Ni ne, Baba. Mai zane ne. Kwana biyu muka yi a gindin dutse."

"Yana yin me?"

"Kallo. Sai ya tsoma ɗan tsinke mai gashi a ruwa, ya shafa shuɗi a takarda, sama ta fito. Ya shafa ja, dutse ya miƙe. Wallahi har inuwar la'asar ya kama, kamar ka shiga ka kwanta."

"Da kukar nan mai rassa biyu?"

"Tana ciki. Da wani kango a gefenta, ya fi son shi da komai. Wai wuri ya fi kyau in babu mutane."

Dattijon ya matso kusa da shi.

"Ƙofar kangon gabas take kallo?"

"Gabas. Ka san wurin ne, Baba?"

"Nan aka binne cibiyata. Gidan mahaifina Sada ne, kafin a tashe mu a mai da wurin gandun daji. Ina zai kai takardar?"

"Ƙasarsu. A bango za a rataye ta, baƙi su riƙa kallo."

"Ikon Allah. Gidanmu zai haye teku." Ya taɓa hannun ɗan dakon. "In bai tafi ba, roƙar mini shi ya ɗan sa hayaƙi a bayan ɗakin tsakiya. Kada mutanen can su ce ba a ɗora wa baƙo tukunya a gidan Sada."