Jan Kifin Farfesa

DIPANKAR: Halo? Kakima, Inna Shefali? Dipankar ne, daga Titin Kwaleji.

SHEFALI: Wa? Ɗaga murya, layin nan sai ƙara yake.

DIPANKAR: Dipankar, ɗan Haren mai buga littattafai. Ina gaisuwa. Ya gwiwar?

SHEFALI: Tana nan, sanyin Kalkata ya tashe ta. Ya mahaifiyarka? Ta bar sukari?

DIPANKAR: A ɓoye take zubawa a shayi. Ya ƙarin haƙuri? Wata huɗu da rasuwar baffanmu, Kaku Nirmalendu, har yau in na shiga shago sai in ga kamar zan tarar da shi a kujerarsa.

SHEFALI: Mijina ya so kujerar nan. Yaran lafiya?

DIPANKAR: Lafiya lau, suna gaishe ki.

SHEFALI: To faɗi abin da ke tafe da kai. Ba don gwiwata ka kira ba.

DIPANKAR: Littafin nan ne na kisan gidan gona a Ingila, wanda Kaku ya bari saura babi uku a fassara. Baje kolin littattafai saura mako biyar, shi ne na ba wani farfesa ya ƙarasa. Na aiko miki ki sa albarka.

SHEFALI: Na karanta. Ban sa ba.

DIPANKAR: Kin sa?

SHEFALI: Ban sa ba, na ce. Me sufeto yake yi da jan kifi a ɗakin da aka yi kisa?

DIPANKAR: Ai haka yake a Turancin. Farfesa ya ce wataƙila abincin mamacin ne.

SHEFALI: Wataƙila. In Bature ya ce jan kifi a irin littafin nan, alamar ƙarya yake nufi, wadda mai laifi ya yar don mai bincike ya bi ta ya ɓace. Safar hannun da aka tsinta a lambu, ita ce kifin. Farfesanka ya ga kifi yawunsa ya tsinke, har ya soya shi da man mustad. Bai tsaya nan ba, ya cusa bindigar farauta cikin takalmin direba.

DIPANKAR: Ni ma na yi mamakin girman takalmin.

SHEFALI: But ɗin mota ne. Kalma ɗaya suke da ita, ta takalmi da ta inda ake zuba kaya.

DIPANKAR: Ashe Kaku ya koya miki sosai.

SHEFALI: Kakunka Turancinsa na takardar neman hutu ne a ofishin jirgin ƙasa. Littafi goma sha tara ɗin da babanka ya buga da sunansa, ni na fassara su. In ya tafi aiki sai in zauna a kicin, ƙamus a kan buhun shinkafa. Shi kuma ya kwafe da rubutunsa mai kyau ya kai muku.

DIPANKAR: Kakima, layin ne, ko kin ce ke?

SHEFALI: Layin lafiyarsa ƙalau. Na farkon da hannuna na kai wa babanka, ya ce ba mai sayen labarin kisa da sunan matar aure a bango. Na yi shiru shekara talatin. Babi ukun suna nan a akwatina, na gama su. Za ka same su ranar da ka rubuta Shefali Bagchi a bango.

DIPANKAR: Mutane Nirmalendu Bagchi suka sani. Za a ce kina cin zarafin mamaci.

SHEFALI: A ce. Shi da kansa a asibiti ya roƙe ni in faɗa, na ce sai ya warke mu faɗa tare.

DIPANKAR: To in sa ki a shafin godiya, da manyan baƙaƙe?

SHEFALI: Godiya na ƙoshi da ita.

DIPANKAR: Ba na son rashin kunya, Kakima, amma zan iya gyara kifin da takalmin in buga na farfesa.

SHEFALI: Buga. Zan zo baje kolin da kujerata in zauna bakin rumfarka, duk wanda ya ɗauki littafin in gaya masa wanda ya yi kisan.

DIPANKAR: Ba za ki yi haka ba. Ni kaina ban kai ƙarshen ba, ina ajiye shi sai ran Lahadi...

SHEFALI: Matar likita ce. Da kai na fara.

DIPANKAR: Matar li... Amma ai tana coci lokacin da... Kakima? Halo? Halo?