Embagon Yaya Lawal

Kuɗin motar da ya kai ni Jalingo na tunkiyar Inna ne. Ku ba ku san tunkiyar nan ba, wata fara ce mai baƙin kunne, ba ta haihuwa sai tagwaye. Inna da kanta ta sa aka ja ta kasuwa, ta ƙulle kuɗin a leda ta damƙa mini, ta ce, "Sa'idu, ai gida za ka, tunda wurin Lawal za ka." Kai Nura, jawo tabarmar nan cikin inuwa, ku kuka ce in ba ku labari.

Lawal ɗin kun san shi, wanda yake zuwa da babbar Sallah a farar mota. Ɗan wan babana ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, Inna ta ɗauke shi, kwano ɗaya muka ci tuwo har muka girma. Shi ya yi boko, ya samu aiki a wata ma'aikata a Jalingo, motocin wurin duk a hannunsa suke. Ni kuwa tuƙi na koya, ga lasin, ga hannu, amma motar ja babu. Na kira shi a waya na ce, "Yaya, ina son aikin direba a wurinku." Ya ce, "Ka zo mu gani." A kan wannan "mu gani" na ba da aron gonata, na bar matata Hadiza da tsohon ciki, na hau mota.

Gaskiya ya karɓe ni. Gidansa yana unguwar Nukkai, ga fanka, ga kujeru masu laushi. Matarsa ta kawo mini sakwara da miyar kifi, na ci har na ji kunya. Da muka wanke hannu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ka zo a daidai, sai dai akwai embago. Da zarar embago ya tashi, kai ne na farko."

To ni ban taɓa jin kalmar ba. Na ɗauka Embago sunan wani babban oga ne da ya tsaya wa mutane a wuya. Wallahi na daɗe in na idar da sallah ina roƙon Allah ya sa a yi wa Embago canjin wurin aiki. Sai wata rana a teburin mai shayi na tambayi wani malamin makaranta, na ce, "Wai shi Embagon nan ɗan wane gari ne?" Mutumin ya ƙware da shayi. Ashe wai dakatar da ɗaukar ma'aikata ake nufi. Ku yi dariya, ni ma na yi.

Yaya Lawal ya samar mini ɗaki a unguwar Barade, a gidan wata 'yar ƙabilar Mumuye, Mama Rifkatu. Hausar Jalingo daban take, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsu. Da safe sai ka ji ta tsaya a tsakar gida:

"Ke Sa'idu! Ruwan duro ya tafi ina?"

"Mama, ni namiji ne."

"Namiji ko mace, ruwa ta ƙare! Kullum alwala, kullum alwala, kai kifi ne?"

Haka muke kullum. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta dafa mini ganye, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Zaman banza ba zai yiwu ba, sai na shiga Kasuwar Jalingo wajen 'yan doya. Doyar ƙasar nan, Habu, wata ta kai cinyarka. Na kama lodi a wurin wani Bafulatani, Alhaji Bobbo, mai motocin dakon kaya. In ya gaishe ni da Fulatanci ya ce "Jam na?" an koya mini in ce "Jam tan." Ran farko na ce masa "Jan tan", yaran kasuwa suka laƙaba mini Jantan har na bar garin. Alhajin masifa gare shi kamar me. "Kai, doya ce ko dutse? A hankali!" In ta karye ya ce daga guminka za a cire. Amma yana da ido. Wata rana direbansa ya kasa fitar da babbar mota daga wani lungu, na ce a ba ni makulli, na fitar da ita ko tabarma ban taka ba. Bayan kwana kaɗan ya kira ni gefe.

"Jantan, akwai motar da za ta riƙa kai doya Kano. Kana so?"

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Na tafi Nukkai na faɗa wa Yaya Lawal, na ce, "In karɓa, ko in jira naku?" Ya daɗe yana juya waya a hannu. Sannan ya ce, "To, ni dai ban cire rai ba." Na koma na ce wa Alhaji Bobbo na gode, aikin gwamnati nake jira. Ya kalle ni ya ce, "Allah ya kawo," ya ba wani motar.

Haka damina ta wuce, wata ta shigo. Hadiza ta haihu, aka yi suna ban je ba, ina tsoron in tafi a kira ni. Duk Juma'a bayan masallaci ina Nukkai. A kawo abinci, a tambaye ni lafiyar Inna, in zan tafi Yaya Lawal ya rako ni har bakin titi ya ce, "An kusa." Bai taɓa ɗaure mini fuska ba, ko sau ɗaya.

Ranar da abin ya fito, muna lodi da hantsi, sai ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya da tambarin ma'aikatar su Yaya Lawal. An aiko direban sayen doya. Wani magidanci ne, Yakubu, mutumin Wukari, mai yawan fara'a. Ina jera masa doyar na ce, "Ka daɗe a wurin?"

"Ina! Kwanan nan aka ɗauke mu, mu da yawa."

Na tsaya da doya a hannu. "Ba akwai embago ba?"

"Ai an ɗage tun kafin azumi. Ni sa'a na yi. An ce kowane babba ya kawo sunan mutum ɗaya. Oga Lawal ya ce shi ba shi da kowa, sai gurbinsa ya faɗo kaina. Mutumin kirki ne wallahi, ba ya son kai. Ka san shi ne?"

Na ce, "Ina dai jin sunansa."

Na ƙarasa lodin, na ɗaure masa igiya da kyau. Ban san yadda na isa Nukkai ba. Na tarar da Yaya Lawal bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida, ya ce a kawo mini ruwa, na ce ba na sha.

"Yaya, yau na ga Yakubu."

Bai tambaye ni wane Yakubu ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Sa'idu, zauna. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba zan iya sa ka a wurin nan ba. Ba don ba ka iya tuƙi ba, ka fi su duka. Amma ni ne zan zama shugabanka. Na taɓa kawo ƙanin matata, ya sayar da man mota, saura kaɗan in rasa aikina, kuma har yau danginsu ba sa gaishe ni don na bari an kore shi. Tun ranar na ce ba zan sake ba. In ka yi kuskure ba zan iya hukunta ka ba, in na hukunta ka ba zan iya kallon Inna ba. Duk wani abu ka tambaye ni zan yi, ban da wannan."

Kun ji magana mai daɗi ko? Murya ƙasa-ƙasa, babu zagi. Kuma da ita ya tare ni ranar da na sauka, da na ji zafi na kwana biyu, na nemi wata hanya. Na ce masa, "Yaya, dalilinka naka ne, ba ni da ja. Amma yaushe ka yanke wannan?"

Ya ce, "Tun kafin ka zo."

"Ranar da na zo maka da maganar motar Alhaji Bobbo fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunya ce, Sa'idu. Na yi ta so in faɗa, bakina ya ƙi. Na ɗauka za ka gaji da kanka ka tafi."

Wannan ce ta fi ci mini rai. Ni ina zaune ina jiransa, shi yana zaune yana jiran in gaji. Ya sa hannu a aljihu, na ce ya bar shi. Ya taso zai rako ni bakin titi kamar kullum, na ce ya zauna, na san hanya.

Na ƙara 'yan watanni a kasuwa don kada in koma hannu biyu. Alhaji Bobbo da ya ji labari, ranar tafiyata sai ya sa aka ɗaura mini doya a buhu. Mama Rifkatu ta rako ni har tasha tana faɗa: "Ke, ka tafi, ruwa zai huta!" Tana faɗa tana goge ido da bakin zane.

Na iso gida da la'asar. 'Yata, Zainabun da kuke gani yanzu, ta riga ta fara tafiya. Na miƙa mata hannu ta ruga bayan uwarta tana kuka. Gona kuwa wanda na ba aro ya riga ya shuka, sai da na jira ya girbe.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, idonta ya fara rauni. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Ba ta tambayi aiki ba, ta ga buhun doya ta gane. Abin da ta tambaya ɗaya ne.

"Lawal dai ya riƙe ka da kyau ko?"

Na kalli tsohuwar nan da ta goya shi kafin ta goya ni. Na ce, "Ya riƙe ni, Inna. Damina biyu yana riƙe da ni."

Ta ce, "Allah ya yi masa albarka."

Na ce amin.