Sani Ya Dawo da Ƙafarsa

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Hadiza ce daga Tsarnawa.

Zamanin soja aka tafi da maigidana kan magana ɗaya a kasuwa. Gawarsa aka maido mini. Shi ya sa na jefa ƙuri'ar amincewa da sabon tsarin mulki.

Ran Laraba aka kama ɗana Sani, shi ma kan magana. Ran Juma'a sai ga shi, wai doka ta hana tsare mutum ba alƙali. Alhamdu lillahi.

Amma don tsoron mulkin mutum guda an raba iko tsakanin shugaba da faraminista, ga shi ba su ga maciji. Masu ilimi, in rigimarsu ta maido soja, wa zai maido mini Sani?

Ina gaida matan Bazaga da suka taya ni jira.