Abin da Na Ɓoye wa Likita

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka, 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni in kun ga ina tsayawa ina jan numfashi. Da can ina rera baiti guda ban huta ba, yanzu kuwa ko magana sai a hankali.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaku, mutumin Kaltungo ne, shekarata ta huɗu ke nan ina aikin gadi a nan Doha. Yawancinku kun saba ganina a bencin mawaƙa ranar Juma'a da farar riga a goge. Yau zan gaya muku abin da ke cikin aljihun rigar nan.

Ina saurayi na sha wiwi, ba kaɗan ba. Na bari lokacin da na yi baftisma, kafin in auri matata Saratu. Shekara tara ban taɓa ba, har na riƙa ba matasa labari ina bugun ƙirji, kamar da ƙarfina na bari.

Sai korona ta zo. Aka rufe majami'a, aka rufe kam ɗin ma'aikata da muke kwana, daga diyuti sai ɗaki. Mu shida a ɗaki ɗaya, kowa ya juya fuska bango yana danna waya. Ban taɓa sanin kaɗaici irin na lokacin ba. Addu'a ma na riƙa yinta kamar mai biyan tara, daga baya na daina.

A lokacin ne wani abokin aikina, ba zan faɗi sunansa ba, ya nuna mini wani abu kamar biro. Sigarin lantarki ne, a kansa akwai 'yar kwalba mai ɗauke da mai ruwan zuma. Ya ce man wiwi ne da aka tace a ƙasar Turawa, ba hayaƙi, ba wari, likitocinsu ma suna rubuta wa marasa lafiya. Ya miƙo mini kwalin. Yana da kyau ƙwarai, an liƙe bakinsa da hatimi, ga tambari a gefe wai an gwada shi an tabbatar ba gauraye.

Ku gane irin aikina. A ƙofar wani babban sito nake tsayawa, manyan motoci suna shiga. Abin da aka koya mini shi ne in duba hatimin da ke ƙofar kwantena. In yana nan lafiya, lambarsa ta yi daidai da takarda, sai in ce yalla, wato mota ta wuce. Ban taɓa buɗe ko ɗaya na ga cikinta ba. Da wannan idon na dubi kwalin. Na ce wa kaina wannan ba irin ta bayan tasha ba ce, wannan mai tsabta ce, kusan magani ce. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, na sayar da kare na sayi biri.

Shekara biyu ina sha. Aka buɗe majami'a, na koma bencina, ba wanda ya ji warin komai a jikina. Wannan rashin warin shi ya fi cutar da ni, domin da wiwi ce ta ganye da tuni wani a cikinku ya ja ni gefe.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, kamfani ya mayar da mu gadin filin da ake ajiye bas-bas na 'yan kallo. Tsayuwa daga safe har ƙafa ta kumbura, ga iska mai sanyi, ga jama'a kamar ƙasa. Kwalbar da ke yi mini mako biyu ta koma kwana huɗu. Wata ranar hutu abokin nan nawa ya ce ba zai iya kawo mini ba, in same shi a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh.

Na je da rana tsaka. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a sama, ƙofa a buɗe kaɗan. Abin da na gani a kan tabarma shi ne tulin kwalaye sababbi fil, babu komai a cikinsu, da naɗin hatimi irin wanda na amince da shi, da sirinji, da wata roba cike da mai mai kauri. Wani mutum na zaune yana ɗura wa kwalaben ɗaya bayan ɗaya, yana goge hannu a wandonsa. Na tambayi abokina mene ne a robar. Ya yi dariya ya ce abin da ke sa shi ya yi auki ne, masu saye sun yi yawa.

'Yan'uwa, nan ne wurin da ya fi ba ni kunya. Na gani da idona, kuma na saya. Guda biyu na saya. Ba zan ce Shaiɗan ya rufe mini ido ba, idona a buɗe yake.

Bayan kwana goma tari ya fara, sai zazzaɓi, sai amai. Hawa matakalar bas ya zama mini kamar hawan dutsen garinmu. Wata safiya ina tsaye a bakin aiki na ji iska ta ƙi shiga, na durƙusa, ban ƙara sanin komai ba sai a asibiti da robar iska a hanci.

Kowa ya ce korona ce. Aka gwada, babu. Aka sake gwadawa, babu. Aka ce to ciwon huhu ne na ƙwayar cuta, aka yi ta ɗura mini magani, jiki sai ƙara lalacewa yake yi. Likitan da ke duba ni Bakatsine ne, Musulmi, Dakta Mansur. Da ya ga sunana a takarda sai ya juya harshe zuwa Hausa. Ya ce hoton ƙirjina bai yi masa kama da abin da suke yi wa magani ba. Ya tambaye ni ko ina shan wani abu, ko shisha, ko irin sigarin nan na lantarki. Na ce ni mawaƙin ikilisiya ne. Ya dube ni, ya rubuta abin da zai rubuta, ya tafi.

Kun san ƙasar da muke. Kun san abin da kalmar wiwi take jawowa a nan, gidan yari ne, sannan a sa ka a jirgi da kunya. Ga Saratu da yara biyu da aikin nan yake ciyarwa. In na faɗa, ina ganin na kashe gidana. In na yi shiru, ina jin huhuna yana rufewa kullum. Washegari ya sake tambayata, na sake yin ƙarya. Ya ce in abin ya ci gaba haka, gobe ko jibi sai an sa mini na'ura ta riƙa numfashi a madadina.

Ran nan da yamma Baba Istifanus ya zo, dattijonmu da ke zaune can baya, ku gafarce ni Baba. Daga Al Wakrah ya taso bayan ya ajiye motar aikinsa. Ya zauna yana ta kallon yadda ƙirjina ke hawa da sauka. Ban san lokacin da na fara gaya masa ba, kalma biyu in huta, kalma biyu in huta. Na roƙe shi ya yi mini addu'a Allah ya warkar da ni ba tare da kowa ya sani ba.

Ya ce, "Ishaku, wannan addu'ar ba zan yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan roƙa maka ƙarfin buɗe baki, shi ne abin da ka rasa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma ya riƙe hannuna ya fara, ni kuma na ga ba ni da iskar da zan yi doguwar addu'a irin wadda na saba burge mutane da ita. Abin da ya fito kawai shi ne, Yesu, na gaji, ka ba ni baki. Sau uku na faɗa. Ba haske na gani ba, ba murya na ji ba. Tsoron ne kawai ya sake ni. Yabo ga Ubangiji!

Da safe da Dakta Mansur ya shigo ban jira ya tambaya ba. Na gaya masa komai, har robar da ke kan tabarma da kalar man. Na tambaye shi ko zai kira 'yan sanda.

Ya ce, "Ni likita ne, Malam Ishaku. Abin da ya kama huhunka zan rubuta, don shi nake yi wa magani. Abin da zai biyo baya ba ya hannuna, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma da ka ƙara kwana biyu, da ba ni za ka yi wa bayani ba."

Ya bayyana mini cewa irin man da ake ƙarawa don ya yi kauri, wani ko a fata aka shafa ba ya komai, amma in aka zafafa shi aka shaƙa sai ya ƙone huhu daga ciki, kuma ba mai iya gane shi da ido ko da ɗanɗano. A ranar ya canja magani. Kwana uku zazzaɓi ya sauka. Ranar da aka buga wasan ƙarshe, ma'aikata suna ta leƙen talabijin, ni kuwa ina tafiya daga gado zuwa taga ba tare da robar iska ba. Ban damu da wanda ya ci ba.

Ba wanda ya zo ya kama ni. Ban san dalili ba, kuma kada wani ya ɗauka haka za ta kasance masa. Amma huhun bai koma yadda yake ba, takardar asibiti ta ce ba zan iya aikin tsayuwa cikin ƙura ba, kamfani kuma ya ce khalas, aiki ya ƙare. Sha'awar abin ma ba rana ɗaya ta tafi ba. Baba ya ɗauke ni ɗakinsa mako biyar, in ta taso mini sai ya ce in sa takalmi, mu bi bakin teku wajen masunta har ta lafa. Yau wata uku ke nan ban taɓa ba. Na je na sami abokan aikina biyu da na san suna sha, na gaya musu abin da na gani a ɗakin can na Al Asmakh. Ɗaya ya ji, ɗayan ku sa shi a addu'a.

Abin da ya rage shi ne Saratu. Na kira ta na gaya mata duka, na ce zan dawo ba aiki, ginin da muka fara ko rufi babu. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ka taho kawai. Maƙwabciyarmu bara akwatin gawar mijinta ta je ta karɓo a filin jirgi. Ni mijina zan je in tara."

Ranar Laraba zan tafi, a kan kujera, da ƙafata zan sauka. Na gode wa Yesu da bai amsa addu'ar da na so a yi mini ba. Na gode masa da ya aiko dattijon da ya ƙi lallashina, da likitan da ya ƙi gajiya da tambaya. In akwai wani a ɗakin nan da irin abin nan a aljihunsa, ɗan'uwana, ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba, mai sayar maka ma bai sani ba. Kada ka jira sai iska ta ƙi shiga. Ka faɗa wa Ubangiji, ka faɗa wa mutum ɗaya kafin ka fita ƙofar nan, Ubangiji zai riƙe ka kamar yadda ya riƙe ni. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.